Batir a Kaskon Mai Jego

Sai da na yi gemu, na yi aure, sannan na sayi motar wasa, kuma har yau ban ga dalilin da zai sa in ba kowa haƙuri a kan haka ba. Ni tela ne a Dutsen Kura. Aikin jirgin ƙasa ne ya kawo kakana Minna, ya ƙi komawa gida, ina jin a wurinsa na gaji son duk abin da ke gudu a kan taya. Motar da nake magana ba irin wadda ake saya wa yara da salla ba ce, wadda kafin tuwon salla ya huce ta riga ta mutu. Mai rimot ce, tsawonta ya kai kamu guda, tana da giya da sifirin da tayoyi masu haƙora. Idan na sakar mata wuta a fili, mai babur ma sai ya yi da gaske.

Mu kaɗan ne masu wannan ciwo a garin. Akwai wani mai kemis, shi ya fara jawo mu, da wani Bayarabe mai gyaran waya, da ni, sai wasu da ke zuwa su ɓace. Ranar Lahadi bayan la'asar muke haɗuwa a wani fili bayan wata makaranta, mu jera duwatsu mu yi hanya, mu yi ta tsere har rana ta yi ja. Masu wucewa kan tsaya su yi mana dariya, wai manya da wasan yara. Da ka ba mutum rimot ya riƙe, sai ka yi da gaske kafin ka karɓe abinka.

Gudun ba shi ne rabin aikin ba. Duk Lahadin da muka dawo, a kan teburin yanka nake baje ta, in kwance sukurori in jera su a murfin gwangwani, in bi lungu-lungu da tsohon buroshin haƙori, in ɗiga man keken ɗinki a inda ya kamata. Tayar da ta ɓalle daga ƙarfenta in mayar da ita da gam. Har riga na ɗinka mata da ragowar shadda don ƙura, abokan suka yi ta tsiya, bayan mako biyu kowa ya kawo tasa awo. Sai kuma ciwon ƙara mata ƙarfi ya kama ni. Na sa babban inji, ya cinye haƙoran giyar roba. Na sa giyar ƙarfe, ta karya sandar da ke juya taya. Duk abin da ka ƙarfafa a jikin motar nan, na kusa da shi zai huce haushi a kai. Da na gama da waɗannan, sai ya zama tsohon batirin ba ya iya ciyar da sabon injin, na koma irin wanda muke kira lifo.

Lifo batir ne mai laushi, girmansa kamar sandar sabulun wanki, a naɗe cikin leda mai kauri. Yana da ƙarfi, yana kuma da zuciya. Ba ya son zafi, ba ya son duka, idan ya ɓaci kuma sai ya kumbura. Na ga abin da kumburarren lifo yake yi da idona. Wata Lahadi na mai kemis ya tashi a cikin motarsa tana tsakiyar gudu. Farin hayaƙi ya fara fita da tsaki, sai wuta ta yi tsiri ta wuce ƙuguna. Muka fasa mata ruwan leda nan da nan, ko a jikinta. Sai da ta ga dama ta mutu, ta bar masa ƙarafa da narkakkiyar roba. Tun ranar muka kafa doka a tsakaninmu: batirin da ya kumbura ba a sa shi a caji, ba a barin sa a jaka. A samu tukunyar ƙasa, a binne shi cikin yashi, a ajiye a inuwa har a samu sarari a zuƙe masa sauran wutar a yar.

Matata Banufiya ce. Iyayenta mutanen Bida ne, amma nan cikin gari suke zaune, a unguwar Sauka Kahuta, babanta yana sayar da kayan gini. Da cikinta na fari ya tsufa aka zo aka tafi da ita gida, can ta haifa mana 'ya mace. Wanda bai yi surukuta da Nufawa ba bai san gaisuwa ba. Tun daga nesa nake cire takalmi, in durƙusa, surukina ya tambayi gida, ya tambayi aiki, ya tambayi gajiya, ya dawo ya sake tambayar gida, ni kuma kaina a ƙasa ina amsawa. Ɗakin surukata kuwa ko launin labulensa ban sani ba, iyakata zaure. Tun da na auri 'yarta, ita da ni ba mu taɓa haɗa ido ba, sai dai gaisuwa ta bayan bango.

Ga kuma kunyar ɗan fari a kaina. Da na je barka, yayar matata ta fito da jaririyar zaure a naɗe cikin tawul, abokan surukina suna zaune. Na leƙa sau ɗaya na kau da kai, kamar yadda ake so mai hankali ya yi. Aka ce in karɓa, na ce a'a, ai na gani, Allah ya raya. Na hau babur na dawo gida ina jin haushin kaina da na duk wanda ya ƙirƙiro wannan al'ada. Ina son in ɗauki yarinyar nan kamar me, ban ma ga fuskarta sosai ba.

A 'yan kwanakin nan da nake ni kaɗai, ɗakinmu ya koma gareji. A nan na lura batirina ya kumbura, bayan wani karo da motar ta yi da dutse. Na duba ko'ina ban ga tukunyar ƙasa ba, duk kayan matata na roba ne da na silba. Can ƙarƙashin gado na hango wani kasko cikin kayan aurenta, ginin Bida, mai ƙafa, mai zurfi kamar ƙaramar tukunya, ko sau ɗaya ba a taɓa sa masa wuta ba. Na ɗebo yashi a inda maƙwabta ke gini, na tankaɗe shi da rariyarta don kada tsakuwa ta huda ledar batirin, na kwantar da shi a ciki, na rufe, na shafe saman da tafin hannu sumul. Na tura kaskon bayan ƙofa inda rana ba ta kaiwa. Aikin ya yi kyau har na tsaya ina kallon sa.

Ranar Lahadi, kafin suna, na tafi fili da sabon batir da mai gyaran waya ya ara mini. Motar ta yi gudun da ba ta taɓa yi ba, na cinye mai kemis har ya daina magana. Na dawo gida da fara'ata, motar a jaka, rimot a rataye a wuyana. Maƙwabciyarmu, wata dattijuwa da ɗakinta ke kallon namu, tana tsintar shinkafa a ƙofarta.

Ta ce, "Angon ƙarni, an zo ba ka nan. Yayar mai jego ce, da makullin ƙanwarta ta buɗe, ta kwashi 'yan kaya."

Na ce to, na shiga. Zannuwa sun ragu, filas ba ya nan. Na tura ƙofa zan rataye jaka, sai na ga bayan ƙofar wayam, sai zagayen gindin kasko a kan ƙura.

Na fito na ce, "Iya, har da kasko ta ɗauka?"

"Har da shi. Ta ma sa maka albarka. Ta ce ka ga yaron kirki, ya zuba yashi ya tankaɗe, ya rage musu aiki."

Sai a lokacin na tuna abin da na sani tun ina yaro na manta. Mata ba sa zuba garwashi a kan tsirarar kasko, sai sun shimfiɗa yashi ko toka a ƙasa don kada ya tsage, kada kuma ya ƙona ledar ɗaki. Mai jego kuma da yamma take wanka na biyu. Da an sauke ruwan zafi, garwashin da ya dafa shi ake kwasa a zuba a kasko, a kai ɗaki, a sa turare, a ɗumama tsumma ana gasa wa jariri cibiya. Na ɗaga kai na dubi rana, ta sauka bayan rufin maƙwabta.

Na kira matata, wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Daga baya na ji uwarta ce ta karɓe ta jefa a akwati, wai mai jego ba ta kallon waya. Na kira yayarta, a kashe. Lambar surukina tana wayata tun kafin aure, ban taɓa danna ta ba, don a wurinsu ba tarbiyya ba ce ka gai da babba ta waya. Na danna.

Ya ɗauka ya ce, "Malam, sannu. Yaya gida? Yaya aiki?"

Abin haushi, sai na ji bakina yana amsawa, lafiya lau Baba, alhamdulillahi Baba. Na katse shi da ƙyar na ce, "Baba, kaskon da aka kawo, don Allah kada a sa masa wuta. Akwai batir a ciki."

Kunnensa ɗaya ba ya ji sosai, ga hayaniyar titi a inda yake. Ya yi dariya irin ta wanda ya ga sababbin iyaye da yawa. "Yarinya lafiya, uwansa lafiya. Kwantar da hankali, Malam. Sai ka zo." Ya kashe. Na sake kira, ya riga ya mayar da ita aljihu.

Ban rufe ɗaki ba na hau babur. Hanyar da na saba bi ban ji tsawonta ba, ranar sai ta ƙi ƙarewa. Masu keke sun cushe mararraba, kowa ya sa kai ba mai ja da baya. Wata babbar mota ɗauke da doya ta tare titi tana neman juyawa, yaron motar yana buga mata gefe, direban bai da gaggawar komai a duniya. Na hau gefen kwata na kutsa ta tsakanin masu talla, wata mai gasa masara ta bi ni da zagi da yare biyu. Duk hanyar abu ɗaya nake ƙoƙarin tunawa, kaurin yashin da ke saman batirin. Ni da nake awo tun safe har dare, na kasa. Wani lokaci in ga ya kai faɗin tafin hannu, in ji sanyi. Can sai in tuna kaskon bai cika zurfi haka ba, in ga ai ko yatsa biyu bai kai ba. Ina ta hango wutar mai kemis, amma a cikin ɗaki mai katifa da labule, ƙofa ɗaya. Ban yi wata doguwar addu'a ba, sunan Allah kawai nake maimaitawa.

Da na karya kwanar layinsu, surukina yana kan tabarma a ƙofar gida da abokansa, sun yi alwala suna jiran magariba. Tun kafin in kashe babur ƙamshin turaren wuta ya tare ni daga cikin gidan. An riga an zuba.

Jiki da sabo, sai da na ɗan rusuna. Surukina ya nuna mini gefen tabarma.

Na ce, "Baba, kaskon."

"Zauna tukuna, Malam. Yaya hanya?"

Na miƙe. Na ratsa ta gaban dattawan nan da takalmina, har na taka gefen tabarmarsu, na wuce zaure, na faɗa tsakar gida ba sallama. Mata suka watse, kowa tana lalubar mayafi. Na bi hayaƙin turare har wata ƙofa mai koren labule, na yaye shi.

Matata tana zaune a bakin gado da ɗaurin ƙirji. Surukata tana ƙasa a kan 'yar kujera, ta miƙe ƙafafu, jaririyar tana kwance a kansu tsirara. Kaskon yana dab da gwiwarta, cike da jan garwashi, ta miƙa hannu a kansa tana ɗumama tsumma. Tsakanin wutar da kan yarinyar bai fi taƙi ba. Ta ɗago, muka haɗa ido karo na farko.

Na sunkuya na ɗauki kaskon da hannu biyu. Ban ji zafin ba sai da na fito tsakar gida, a nan ya shiga har ƙwaƙwalwata. Ga yara, ga shanya, ga tulin itace, na rasa inda zan nufa. Na hango lungun bayan banɗaki inda ake zubar da ruwan wanka, na ruga, na watsar da shi a gindin bango, na ja da baya ina cewa kowa ya matsa.

Kaskon ya rabe biyu. Yashi ya baje, garwashi ya tarwatse, batirin ya mirgino ya kwanta a tsakiyarsu, ledarsa shuɗiya ta yi laushi, cikinsa ya ƙara tasowa. Muka tsaya muna kallo, bai yi komai ba.

Gida cike da mata, duk ido a kaina: ga surukin gida tsaye a tsakar gida da takalmi, da abin wasa a wuya, ya shiga ɗakin uwar matarsa ya fasa kaskon aure. Surukina ya shigo a hankali, abokansa suna leƙe daga zaure. Fuskarsa ba dariya yanzu.

Ya ce, "Malam, a gidana?"

Na ce, "Baba, a yi haƙuri, a matsa tukuna."

Yayar matata ta tako tana gyara ɗankwali, ranta a ɓace. "Wannan sabulun ne ka tayar mana da hankali a kai? Bari in ɗauke kada ya ƙone."

Ta duƙa ta miƙa hannu. Tafukana sun ƙone ba sa kama komai, sai na sa kafaɗa na ture ta, yayar matata guda, ta faɗi zaune a cikin laka. Wata tsohuwa ta fara salati. Surukina ya ɗaga murya da Nufanci, ban san me ya ce ba, amma na san ba addu'a ba ce. A raina na ce shi ke nan, na rasa gidan nan, kuma da bakina na roƙi Allah ya sa abin ya tashi, ko a san ba hauka nake ba.

Sai tsakin ya fara. Farin hayaƙi ya feso ta gefe ɗaya da ƙarfi, mai ɗaci, ya cika lungun. Wuta ta biyo shi ta yi tsiri a jikin bango har ta wuce kan surukina, ta lashi wani zane da ke kan igiya ya kama. Mata suka kwashi yara suka yi zaure. Wani ya kawo bokiti, na ce ya kashe zanen kawai, ya bar wancan, ruwa ba ya yi masa komai. Ta ci ta lafa, ta sake tashi, sannan ta mutu don kanta. Ta bar baƙin tabo a bangon, dogo, har yau ba su shafe shi ba.

Daga baya mai kemis, yana sa mini magani a hannu, ya ce wataƙila da na bar shi cikin yashin da bai tashi ba, ni ne na zube shi a kan garwashi. Wataƙila gaskiyarsa. Na ce masa idan ya haihu sai ya gwada ya ba mu labari. Hannuwan sun hana ni taɓa almakashi har bayan suna da daɗewa, kayan sunan ma wani tela na kai wa. Motar tana nan, ina kuma fita da ita ranar Lahadi, sai dai batiranta suna kwana a akwatin ƙarfe mai kwaɗo a bayan shago.

Amma a yammacin nan ban san ko ɗaya daga wannan ba. Ina tsaye ne hannuwana a buɗe, fatar ta yi fari ta tashi, ina jin kukan matata daga ɗaki. Surukina ya dubi bangon, ya dubi yayar matata da ke kallon yatsunta. Wata ta kawo ruwan randa a kwano ta zuba mini, wata ta turo mini turmi na zauna.

Sai koren labulen ya motsa, surukata ta fito da jaririyar a naɗe. Ta je har lungun ta tsaya ta daɗe tana kallon tabon. Ta dawo ta tsaya a gabana, ta dubi takalmina, ta dubi rimot ɗin da ke wuyana, ta dubi hannuwana. Na sunkuyar da kai ina jiran abin da na cancanta.

Ta ce, "Miƙe hannu. Ba tafi ba, nan." Ta nuna damtsena.

Na miƙa. Ta kwantar da yarinyar a kan hannuwana, kanta a lanƙwasar gwiwar hannuna, ta gyara tawul ɗin, ta ja da baya.

"Riƙe abinka. Kai ka fito da shi daga wuta."

Ta ɗan fi motar nauyi. Tana da ɗumi, tana ƙamshin turare, ga gashi kwance a goshinta, hancin kuwa na kakana ne sak. Dattawa suna zaure suna kallo, matan gida sun dawo sun kewaye mu, ni kuma hawaye yana zuba ba ni da hannun sharewa. Aka kira salla, surukina ya wuce ta gabana ya fita. Ban kau da kai daga fuskarta ba.